KAMA DA WANE BA TA WANE

Daga Wakilinmu na Minna

Babu mutumin da ya san ɗacin a yanke masa hukunci tun bai buɗe baki ba kamar baƙo. 'Yan'uwanmu da ke neman abinci a Agege da Idi-Araba cikin Ikko, da na Sabon Badun, da Shagamu, da Anaca, da Fatakwal, ba su bukatar dogon bayani a kan wannan. Hula da doguwar riga kaɗai sun isa a raɗa wa mutum suna, a kuma ɗora masa laifin da wani ya aikata a garin da shi bai taɓa takawa ba.

To, amma akwai tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu, mu da muke kuka da wannan hali. Shin mu yaya muke yi idan zargi ya faɗa kan wani a gabanmu? Mukan tsaya mu bincika, ko kuwa mu ma gudu muke yi mu tsinci dutse? Wannan tambaya ce ta sa na ga ya dace in kawo muku waɗansu al'amura da suka faru a nan Jihar Neja, mu jera su tare da waɗanda suka auku can kurmi inda kuke zaune, mu ga abin da za mu tsinta a ciki.

GARIN DA BAƘI SUKA RAYA

Minna ƙasar Gwari ce, amma jirgin ƙasa ne ya mai da ita babban gari. Hanyar jirgin da ta tashi daga Baro zuwa Kano, wadda aka gama a 1911, ta nan ta bi, kana ba da jimawa ba aka haɗe ta da wadda ta taso daga Ikko. Tun daga nan leburori da akawuna da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa, Hausawa da Nufawa da Yarabawa da Ibo, kowa da harshensa. Da Janar Murtala Muhammad ya ƙirƙiro Jihar Neja a watan Fabrairu na 1976, aka mai da Minna hedkwata, sai baƙi suka ƙaru. Wanda ya zaga Kwangila da Limawa da Tunga da Bosso da Chanchaga a yau zai ji harsuna sun fi a ƙirga da yatsun hannu. Kai, a Zungeru, nan kusa da mu, aka haifi Dokta Nnamdi Azikiwe a 1904, a nan kuma aka haifi Odumegwu Ojukwu a 1933.

Ashe ke nan Bahaushen Minna shi ma baƙo ne a asali, kamar yadda ɗan'uwansa yake baƙo a Badun. Duk da haka ku dubi yadda harshenmu ya yi wa masu masaukinmu. Idan mutum ya yi magana ba ta fita ba, sai mu ce ya yi gwaranci. Idan muna so mu nuna wani bai waye ba, sai mu kira shi Bagware. Hukunci ne muka yanke wa al'umma guda, har ya shiga bakin 'ya'yanmu ba su san ma hukunci ba ne.

Alhali kuwa duk wanda ya juya takardar Naira 20 zai ga hoton wata mace tana ginin tukwane. Ladi Kwali ce, Bagwariya, wadda ba ta yi karatun boko ba. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da Bature Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, watau Suleja ta yanzu. An nuna aikinta a Ingila da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, kuma a nan Minna ta rasu a 1984. Wanda ya gan ta a kasuwa da kaya a kafaɗa ya raina ta, shi ne ya yi asara, ba ita ba.

AUNA MUTUM WAJIBI NE

Kada mai karatu ya ɗauka cewa ina nufin a daina auna mutane. Ina! Wanda bai iya bambance mutumin kirki da mugu ba, ba zai yi mako guda a kasuwa da jarinsa ba. Uba ba ya ba da 'yarsa sai ya bincika asalin manemi da halinsa. Mai shago ba ya ɗaukar yaro sai ya san wanda ya tsaya masa. Wannan hikima ce, kuma babu waɗanda suka ƙware a kanta kamar iyayenmu da suka kafa zangunan kurmi.

Alal misali, a ɗauki unguwar Sabo ta Badun, wadda aka kafa a 1916. Wani masani daga Ingila mai suna Abner Cohen ya zauna a cikinta a 1962 da 1963 yana nazarin cinikin shanu da na goro, ya kuma buga littafi a kai a 1969. Abin da ya fi jan hankali a wannan ciniki shi ne, falke zai taso daga arewa da garken shanu, dukiya mai ɗimbin yawa, ya sauka gidan maigidansa. Dillalan maigida su sayar wa mahauta Yarabawa bashi, babu takarda, babu sa hannu, babu banki. Idan mahauci ya ci bashin, maigida ne zai biya falke daga aljihunsa, don kada sunansa ya ɓaci a arewa.

Me ya riƙe wannan ciniki shekara da shekaru? Auna mutum. Dillali ya san kowane mahauci, ya san saniya nawa yake iya yankawa a rana, ya san wa yake binsa bashi, ya san yaushe ya taɓa saɓa alkawari. Wanda ya ƙi biya sai a daina sayar masa har sai ya biya, in ya biya kuwa a ci gaba da hulɗa da shi.

Ku lura da abu uku a nan. Na farko, mutum ɗaya ɗaya ake aunawa, ba ƙabilarsa ba. Da a ce dillalan Sabo sun yanke cewa duk Bayarabe mai cin bashi ne, da ciniki ya mutu tun ran farko. Na biyu, da aikin da aka gani ake aunawa, ba da ji-ta-ji-ta ba, gani ya kori ji. Na uku, hukuncin yana da ƙofar komawa, wanda ya gyara ana karɓarsa. Duk hukuncin da ya rasa waɗannan abubuwa uku, to, ya tashi daga hikima ya koma zalunci.

SHARUƊƊAN DA MAGABATA SUKA GINDAYA

Addininmu bai bar wannan al'amari a sake ba. Suratul Hujurati ta yi umurni da a bincika labari kafin a yi aiki da shi, don kada a cuci mutane cikin jahilci a wayi gari ana da-na-sani. Ita ce kuma ta yi hani ga yawan zato da bin diddigin asirin mutane da yi da wani a bayan idonsa. Daga nan ne Hausawa suka samo maganar da suke yi cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Suratun Nur kuwa ta sa shaidu 4 a kan tuhumar zina, ta kuma yanka bulala 80 ga wanda ya yi wa wani ƙazafi bai kawo su ba. Watau harshen mai zargi shi kansa yana da alƙali.

Ƙissoshin Annabawa ma darasi ne a kan haka. An jefa Annabi Yusufu cikin kurkuku shekaru a kan laifin da bai yi ba, ko da yake rigarsa da ta yage ta baya ta riga ta nuna inda gaskiya take. Masu husuma biyu sun shiga wurin Annabi Dawuda a kan batun tumaki, malaman tafsiri da yawa suka ce darasin ƙissar shi ne kada a yanke hukunci da jin bakin mutum ɗaya. Uwar muminai Nana A'isha kanta sai da aka yi kusan wata guda ana yawo da sunanta a Madina kafin Allah Ya wanke ta. Idan ƙazafi bai bar gidan Manzo ba, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wa zai bari?

Saboda haka malamai suka tsananta wa alƙali. Sananniyar wasiƙar da Sayyadina Umar ya aika wa Abu Musa al-Ash'ari ta umurce shi ya daidaita masu ƙara a wurin zama da kallo, ya nemi hujja daga mai da'awa, ya guji fushi, kuma kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya idan ya gane ta yau. A ƙasarmu, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano a wajen 1806 don shiryar da masu mulki da masu shari'a. Alƙalan arewa sun daɗe suna karanta Tuhfa ta Ibn Asim da Muhtasar na Halil kafin su hau buzu. A cikin littattafan fiƙihu an hana alƙali zama yana cikin fushi ko yunwa mai tsanani, an kuma ce shubuha tana kawar da haddi, domin kuskure wajen afuwa ya fi sauƙi bisa ga kuskure wajen azaba.

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ma bai saɓa wa wannan ba. Sashe na 36 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi, ya kuma ce wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa. To, idan malamin da ya yi shekaru yana karatu an ɗaure shi da waɗannan igiyoyi, ina ga ni da kai da muka ji labari a bakin tasha?

SHARI'AR GAWU

Duk da waɗannan sharuɗɗa, alƙali ɗan Adam ne, yana kuskure. Mu a Jihar Neja mun ga misali. A shekarar 2000, zamanin Gwamna Abdulƙadir Kure, jihar ta yi wa dokar Final Kod gyara ta shigar da hukuncin haddi a kan Musulmi. A watan Agusta na 2002 wata kotu a Sabon Gawu, kan hanyar Minna zuwa Suleja, ta sami wata mata da wani namiji da laifin zina, ta yanke musu ɗaurin shekara 5. Suna cikin kurkuku, ba a cika wata guda ba, sai aka ce an yi amfani da tsohuwar doka. Kotun ta sake zama, ta mai da hukuncin na jifa, alhali waɗanda abin ya shafa ba su cikin kotun. Mutum yana ɗakin yari yana ƙirga kwanakin da suka rage masa, sai labari ya iske shi cewa an yanke masa hukuncin kisa.

Jama'a, ku dubi wannan al'amari da kyau. Laifi ɗaya, hukunci biyu, na biyun kuma a bayan idon masu shi. Amma da yake kotu ce ta yi, akwai takarda, akwai kwanan wata, akwai sunan alƙali, akwai kuma wata kotu a samanta. Lauyoyi suka ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci da ke nan Minna. Kafin shekarar ta ƙare aka ba da belinsu, kuma ba a zartar da hukuncin jifan ba.

Haka ya faru a waɗansu jihohin a daidai wannan lokaci. A watan Oktoba na 2001 kotun Gwadabawa ta yanke wa Safiya Husaini hukuncin jifa. Ranar 25 ga Maris, 2002, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Sakkwato ta sallame ta, cikin dalilanta har da cewa abin da ake tuhumarta da shi ya faru tun dokar ba ta fara aiki ba. Amina Lawal kuwa kotun Bakori ce ta yanke mata irin wannan hukunci a watan Maris na 2002, kotun Funtuwa ta tabbatar da shi a watan Agusta. Sai ranar 25 ga Satumba, 2003, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta rushe shi, alƙalai 4 suka rinjayi 1. Sun ce tana da ikon janye iƙirarinta, ba a ba ta cikakkiyar damar kare kanta ba, kuma a mazhabar Malikiyya ana iya jingina cikin bazawara ga tsohon mijinta har tsawon shekaru, abin da muke kira kwantaccen ciki.

Abin lura shi ne, ba daga Turai aka kawo hujjojin da suka kuɓutar da waɗannan mata ba. Daga cikin littattafan da ke kan buzun malamanmu aka fito da su. Alƙali ya yi kuskure, alƙalai suka gyara, rai bai salwanta ba. Amfanin jinkiri ke nan, amfanin ɗaukaka ƙara ke nan.

KOTUN DA BA TA DA SAMA

Yanzu sai mu juya ga wata irin kotu da ke zama a bakin titi. A ƙarshen watan Mayu na 2016, a garin Pandogari cikin Ƙaramar Hukumar Rafi, aka zargi wani saurayi ɗan kasuwa, ɗan asalin kudu, da rubuta kalaman ɓatanci ga addini a intanet. Taron jama'a ya kashe shi. Tarzoma ta ɓarke, aka ƙona coci, aka fasa shaguna, aka tare babbar hanya, har sai da sojoji suka shiga. Hukumar soja ta ce mutum 4 ne suka rasa rayukansu.

A ƙarshen watan Agusta na 2025 kuma, a Kasuwan Garba cikin Ƙaramar Hukumar Mariga, aka zargi wata mata mai sayar da abinci da furta kalmar ɓatanci. Rundunar 'yan sandan Jihar Neja ta tabbatar da cewa taron jama'a ya cinna mata wuta kafin ƙarin jami'an tsaro su isa wurin.

Babu Musulmin da zai ji an taɓa mutuncin Manzon Allah zuciyarsa ba ta tafasa ba, wannan ba abin musu ba ne. Amma tambayoyin da aka yi a Sakkwato da Katsina da Minna, wa ya yi su a Pandogari da Kasuwan Garba? Su wane ne shaidu, an kuma tantance adalcinsu? Mene ne ainihin kalmomin da aka faɗa, kuma me mai su yake nufi? Yana cikin hankalinsa? An tambaye shi? Akwai tsohuwar gaba tsakaninsa da wanda ya fara kai ƙara? Mutum nawa cikin masu jifa suka ji maganar da kunnensu? Malaman mazhabarmu ba su taɓa ba wa talaka ikon zartar da haddi da hannunsa ba, aikin shugaba ne da alƙalinsa. A kotun titi kuwa mai ƙara shi ne shaida, shi ne alƙali, shi ne hauni, kuma duk cikin fushi, a lokacin da aka hana alƙali na gaskiya ma zama. Idan gobe aka gane ƙarya aka yi, wace kotu ce za ta tashi toka?

ABIN DA YA CI DOMA

Mai karatu da ke kurmi yana iya cewa wannan matsalar mutanen gida ce. To, a tuna da Uromi. A ƙarshen watan Maris na 2025, ana cikin azumi, Ƙaramar Salla saura 'yan kwanaki, waɗansu mafarauta 'yan Jihar Kano suka taso daga Jihar Ribas cikin babbar mota za su gida. A Uromi ta Jihar Edo 'yan banga suka tare su, suka ga bindigogin farauta irin na gargajiya, sai aka yi shelar an kama masu satar mutane. Kafin ka ce kwabo gari ya taru. Mutum 16 aka kashe. Da yawansu 'yan Ƙaramar Hukumar Bunkure ne, mata da 'ya'ya suna jiran tsarabar Salla. 'Yan sanda suka ce sun kama mutum 14 a farko, Gwamna Monday Okpebholo na Edo ya zo Kano ta'aziyya wurin Gwamna Abba Kabir Yusuf. An yi ta'aziyya, amma waɗanda suka tafi sun tafi.

A yi adalci, mutanen wannan yanki sun daɗe suna fama da masu satar mutane, tsoronsu ba na banza ba ne. Amma tsoro ba shaida ba ne. Sun ga mutanen arewa, sun ga bindiga, suka haɗa biyu da biyu. Kama da wane ba ta wane. Da an kai mutanen nan ofishin 'yan sanda aka riƙe su kwana guda ana bincike, da yau suna raye.

Haka rikicin kasuwar Shasha ta Badun a watan Fabrairu na 2021. Gardama ce ta mutum biyu uku a kan kayan gwari da suka zube, wani mai gyaran takalma Bayarabe ya rasa ransa, sai aka ɗora laifin mutum ɗaya a kan al'umma guda. Aka yi asarar rayuka daga ɓangarorin biyu, aka ƙona rumfuna da gidaje, har gwamnoni 4 na arewa, ciki da Abubakar Sani Bello na Neja, suka tafi Badun don ganawa da Gwamna Seyi Makinde.

Kada kuma a zaci sai baƙo wannan cuta take ci. A watan Oktoba na 2012 aka kashe ɗalibai 4 na Jami'ar Fatakwal a ƙauyen Aluu, bayan an yi musu ihun ɓarayi. 'Yan kudu ne, 'yan kudu suka kashe su. A 2017 Babbar Kotun Jihar Ribas ta yanke wa mutum 3 hukuncin kisa a kan wannan, ciki har da sajan ɗan sanda. Ku lura, masu kisan sun sami kusan shekara 5 ana sauraron lauyoyinsu, abin da suka hana yaran nan ko na minti 5.

Ciwo ɗaya ne daga Pandogari har Uromi, daga Kasuwan Garba har Aluu. Wanda ya yi kuka da na Uromi ya yi shiru da na Pandogari bai ƙi zalunci ba, ya dai ƙi a zalunci nasa ne. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kuma duk lokacin da aka zubar da jinin baƙo a gida, waɗanda ke kwana da fargaba su ne ku da ke zaune a garuruwan mutane.

INA MAFITA?

Ba za mu iya gyara zukatan mutanen Uromi daga nan ba, amma muna da iko da hannuwanmu da harsunanmu. Idan kana kasuwa ka ji an yi ihun ɓarawo, ko “ole” kamar yadda Yarabawa ke cewa, ka tuna ba ka ga komai ba tukuna. Kada ka ɗauki dutse. In kana da hali ka nemi ɗan sanda ko dattawan kasuwa, in ba ka da hali ka kama gabanka, kada ka ƙara wa taron yawa.

Idan hoto ko murya ta shigo wayarka ta WhatsApp ko Facebook ana cewa ga abin da aka yi wa 'yan arewa a wuri kaza, ko ga abin da wane ya faɗa, ka tambaya: yaushe, a ina, wa ya gani? An sha yaɗa tsohon hoto na wata ƙasa a ce jiya aka ɗauka. Magana zarar bunu ce, wadda ka tura daga Agege da safe tana iya ƙona shagon wani a Kwantagora kafin la'asar.

Sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa su ma suna da aiki. Su san baƙin da ke sauka a zangunansu kamar yadda masu gidajen dā suke sanin fatakensu. Su ƙulla zumunci da sarakunan gari da manyan 'yan sanda tun ana zaman lafiya, ba sai wuta ta tashi ba. Idan ɗanmu ya yi laifi kada a ɓoye shi don namu ne, a miƙa shi ga hukuma, domin wake ɗaya shi ke ɓata gari. Mafarauta da masu gadi da ke tafiya da makami su riƙe takardun izni da katin shaida, su kuma sanar da shugabanninsu kafin su hau hanya.

Hukuma kuwa ta sani cewa jinkirin shari'a da cin hanci su ne takin da ke raya kotun titi. Mutum ya kai ɓarawo caji ofis yau, gobe ya gan shi a unguwa yana yi masa dariya, jibi ba zai sake kai wani ba. Kuma muddin masu kisan taron dangi suna ganin ba a hukunta waɗanda suka gabace su, ba za su fasa ba.

A ƙarshe, akwai ƙaramar kotun da kowannenmu yake zama a cikinta kullum, a majalisa, a wurin mai shayi, a gidan biki. A nan ake yanke wa bazawara hukunci, da yaron da ya dawo daga kurmi hannu wofi, da wanda ya dawo da mota aka ce ba ta halal ba ce. Ba a kunna wa kowa wuta a nan, amma aure yana mutuwa, jari yana karyewa, mutunci yana zubewa, kuma wanda aka yi wa ba ya nan balle ya kare kansa. Kafin ka sa baki, ka yi wa kanka tambayoyin dillalin Sabo: na gani da idona? Shi nake aunawa ko danginsa? In na yi kuskure, akwai hanyar gyarawa? Idan amsar ta zama babu, to, shiru ya fi.

Allah Ya kiyashe mu da zaluntar wani, Ya kiyashe mu da a zalunce mu, Ya mai da kowane matafiyi gida lafiya, amin.